Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Hoton Zango Kan Tsohuwar Leica



'Ya'yana da ƙannena masu sana'ar hoto a Oforikrom da Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Ayigya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni dai tsufa ya zo. Idona ya fara hazo, hannuna ba ya riƙe kyamara minti biyar bai yi rawa ba. Amma kunnena lafiyarsa ƙalau, kuma mata na kawo mini ƙara har zaure, don a ganinsu duk mai rataye da kyamara a unguwar nan yarona ne. Dalilin ɗaukar alƙalamina ke nan.

Bari in fara sauke haƙƙinku. Kun fi mu karatu, wasunku ma a jami'ar KNUST da ke maƙwabtaka da mu suka koyi zane da hoto. Kun san haske, kun san kwamfuta, hotunanku na ranar Idi sun kai ƙasashen da namu ba su taɓa leƙawa ba. Allah ya ƙara basira. To na faɗa, na fita haƙƙinku. Yanzu ku gyara zama.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo mini da waya a hannu tana huci. Awuren 'yarta aka yi, ranar walima ƙawayen amarya 'yan Islamiyya suka zo cikin baƙaƙen abaya, suka jeru aka ɗauke su. Da hotuna suka zo, duk abayar ta koma ja-ja-shunayya, sai ka ce an tsoma 'yan matan a randar zoɓo. Kwat ɗin ƙanin ango ma bai tsira ba. Na aika aka kira yaron da ya yi aikin. Ya zo da kyamararsa a wuya kamar laya, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ban raina tarbiyyarsa ba. Da na nuna masa hoton sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai kalar kyamarar ke nan. A Turai kuɗi ake biya a samu irin wannan."

Wannan magana ce ta hana ni barci.

Ɗana, bari in gaya maka abin da ke wuyanka, tunda wanda ya kawo maka ita daga Hambug bai gaya maka ba. Leica M8 ce, ta 2006, ita ce ta farko a jerin M da ta bar fim ta koma kati. Farantin da ke karɓar haske a cikinta na kamfanin Kodak ne, kuma gilashin da aka shimfiɗa a kansa ya yi siriri, ba ya tare wani irin haske da idon mutum ba ya gani, wanda yake can bayan ja. Yadin roba baƙi yana maido da wannan haske sosai, shi ya sa yake fitowa ruwan zoɓo. Kamfanin da ya ƙera ta ya amsa aibin tun tana sabuwa, har ya riƙa ba masu saye gilashin tacewa guda 2 kyauta, a ɗaura a bakin idon kyamara. Mai abu ya ce aibi ne, kai kuma ka ce ado ne? A garin da matanmu ke sa baƙar abaya, maƙwabtanmu Tonawa kuma suna ɗaura baƙi da ja duk Asabar don makoki, mutum ya fita aiki da wannan kyamara ba gilashin tacewa, ai ya fita da niyyar ɓata wa mutane rana.

Sai ƙanwarta, M9, wadda na ga uku ko huɗu daga cikinku na ji da ita kamar amaryar fari. Ta fito ran 9 ga Satumba 2009, da farantin da ya kai girman fim ɗin da muka saba da shi, milimita 36 a 24. Ban musa ba, idan rana ta yi kyau tana fitar da fatar baƙin mutum da wani irin sheƙi mai daɗin kallo. Amma gilashin da ke kan farantinta yana da ciwo: danshi na cin sa. Ku ɗauki sararin sama ko farin bango, ku tsuke idon kyamara, za ku ga ɗige-ɗige masu zobe da ba sa goguwa, domin a cikin gilashin suke. Kamfanin ya amsa wannan ma a 2014, ya yi shekaru yana sauya faranti kyauta, a 2017 ya taƙaita kyautar, a Agustan 2020 kuma ya sanar cewa an daina ƙera irin farantin, ba sauran sauyi. Kodak ɗin ma ta sayar da sashen farantanta a 2011, ta shiga kotun karayar arziki a Janairun 2012. Akwai masu gyara a Amurka da Turai da ke ɓare gilashin su manna wani, amma ku lissafa kuɗin aikawa da na kwastan da watannin jira, sannan ku gaya mini wa zai ɗauki sunan jaririn makon gobe.

Kuma a ina kuke riƙon wannan mai tsoron danshi? A Kumasi! Garin da damina ke zuwa sau biyu a shekara, inda takalmin fata ke yin furfura a ƙarƙashin gado cikin mako guda, inda gilashin kyamara ke tsirar da naman gwari kamar saƙar gizo. In danshi ya ɗaga, ƙurar hunturu ta karɓa. Ga ramukan hanya: ku shiga tirotiro daga Anloga zuwa Kejetiya da ita a cinya, jijjiga kaɗai ta isa ta karkatar da ma'aunin nisan da kuke taƙama da shi. Kai kana ganin ka saita idon amarya, hoto ya fito kunnenta ne a fili, fuskar ta yi dishi-dishi.

Na san amsarku, don na sha jin ta a wurin mai shayi: da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne, zuma ba ta ruɓa. Amma abin da kuka riƙe ba zuma ba ne, nono ne. Tsofaffin kyamarorin fim, irin M3 ta 1954, ƙarfe ne da waya mai tsalle da haƙora irin na agogo. Mai gyaran agogo mai haƙuri zai buɗe ta ya wanke ya shafa mai, ta sake yin shekara ashirin. Mu mutanen Kumasi mun saba da cewa ba abin da ke mutuwa, don muna da Magazin ta Suame, inda in an rasa wani ƙarfen mota sai a ƙera shi nan take. To ku kai musu farantin M9 su ƙera muku. Ko allon bayan M8, wanda kayan sauyinsa suka ƙare tun tuni. Abin lantarki yana da ajali, kuma ba ya sallama in zai tafi.

Kada ku ce tsohon nan bai san daɗinta ba. Na roƙi yaron ya ba ni na leƙa. Ƙaramar taga ce a gefe, kana ganin duniya tas, da wani ɗan fili mai haske a tsakiya inda abu ke rabuwa biyu. Na dubi butar alwalata, ga hancinta biyu. Na murza zoben a hankali, hancin biyu suka matso, suka matso, suka haɗe. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don rabona da wannan tun ina saurayi. Ba madubin da ke ɗagawa ya rufe maka ido lokacin ɗauka, kana ganin mutum har sanda ya ƙifta. Ga ta ƙarama, ba ta firgita tsohuwa ko yaro. Na gane abin da kuke so. So ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka sa wani ya biya kuɗin soyayyarka da ranar aurensa.

Mu da muka koyi sana'ar nan a hannun masu akwatin katako, irin na jira-ka-karɓa da ake kafawa a gindin bishiya don hoton fasfo, ba a bar mu mun so kyamara ba. Shekara biyu na yi ina share shago, ina dama ruwan wanki, ina shanya hotuna a igiya, kafin maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar ni na taɓa maɓalli. A 1983, shekarar yunwa da gobarar daji, da 'yan'uwa suka yi ta kwararowa daga Nijeriya, fim ya zama kamar zinariya. Ɗauka 36 ke cikin nadi ɗaya, kowace da mai ita. In ka ɓata guda, a abincin rananka za a cire. Yau yaro zai danna sau dubu a biki ɗaya, ya zaɓi biyar ya ɗora a Instagram, ya rubuta sunan kyamara a ƙasa, bai rubuta sunan amarya ba. Har ta kai in kuka wuce ƙofar gidana, kyamarar kuke gyara wa zama a ƙirji kafin ku yi sallama. To, bar wannan, ba shi ya kawo ni ba.

Ku dubi manyan da kuke rataya hotunansu a shagunanku. James Barnor ya buɗe shagonsa Ever Young a Jamestown ta Akra cikin shekarun 1950 da baƙi-da-fari. Da ya ga zamani ya juya, ya tafi Ingila a 1959 ya koyi aikin kala, ya dawo bayan shekara goma ya kafa wurin wanke hoton kala na farko a Gana. Bai tsaya yana kukan tsohon akwatinsa ba. Seydou Keïta na Bamako kafinta ne, da ƙaramar Brownie da kawunsa ya kawo masa ya fara, kuma an san shi da ɗauka ɗaya tak ga kowane mai zuwa, don hankalinsa na kan yadda mace ta ajiye hannunta da yadda zanenta ya kwanta. Malick Sidibé, wanda ya karɓi lambar yabo ta Zakin Zinariya a Benis a 2007, mai gyaran kyamara ne da hannunsa, shagonsa cike da su a kan kanta, amma ba wanda ya san shi da kyamara guda. Da samarin Bamako masu rawa aka san shi. Felicia Abban ta ɗauki Nkrumah, ta yi shekaru tana ɗaukar kanta cikin kwalliya don jawo masu ciniki. Wa zai iya gaya mini sunan kyamararta ba tare da ya duba waya ba?

Wannan ya kawo ni kan aibinku na biyu, wanda ya fi na farko ci mini rai. Me ya sa duniya ta san waɗannan mutane? Sun ajiye aikinsu. Dubban nagatif a cikin kwalaye da akwatuna, shekara da shekaru, har ranar da aka zo nema. Ku kuma kuna goge jikin kyamara da auduga safe da yamma, kun saya mata riga ta fata, amma hotunan da ta haifa suna kwance a kati ɗaya, ko a kwamfutar da ɗaukewar wuta ɗaya za ta iya kashewa. Na tambayi wani cikinku hoton wani dattijon unguwa da ya rasu bara, iyalinsa na so su sa a firam. Ya ce yana cikin wayar da aka sace. Kyamarar tana nan lafiya, an shafe ta da mai, dattijon ya tafi har da fuskarsa. Ni kuwa in ka zo yau ka ce in nemo maka hoton sunan babanka, zan jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, in kunce ambulan mai shekara a jiki, in ɗaga nagatif ɗin a hasken taga ka ga kakarka tana dariya. Wace kyamara ta ɗauka? Oho. Na sayar da ita tun kafin a haife ka na biya kuɗin makaranta.

Kuɗin da kuke zubawa a tsohuwar Leica ɗaya ya isa babur sabo har da canji. Ba zan ce ku sayar ba, dukiyarku ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na yi zafi a sama, ku yafe wa tsoho, harshen ne ya riga hankali. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ranar da ba wanda ya biya ku, ku ɗauke ta ku zaga Alabar da bakin Babban Masallaci, ku gaisa da mutane, ku nemi izini, ku more ta iyakar kwananta. Ku riƙa kwantar da ita a akwati mai murfi da 'yan ƙullin nan masu shan danshi. Mai M8 ya nemi gilashin tacewa kafin ya sake tunkarar baƙin yadi. Mai M9 ya ɗauki farin bango duk wata ya duba, in ɗigo ya fara fitowa ya san an yi masa sallama. Amma ranar awure ko suna ko saukar Alƙur'ani, ku tafi da kyamara ta biyu a jaka, ko ta aro ce, ko mummuna ce, muddin ba ta ƙarya. Ku ajiye kowane aiki a wuri biyu. Ku wanke ko guda goma a takarda ku miƙa wa masu biki a hannu, ku rubuta suna da rana a baya.

Yaron nan na abaya, na ji ya zauna dare biyu a gaban kwamfuta yana maido da baƙin riga ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa uwar amarya har gida ya ba ta haƙuri. Allah ya yi masa albarka, ya nuna ɗan halak ne. Sauran kuma ƙofata a buɗe take bayan La'asar. Ku zo da hotuna a takarda mu duba tare, kyamarar ku bar ta a gida ta huta.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mai hoto,
Oforikrom, Kumasi.