Kafin man Kolmani ya fito, mu rubuta labarin Ogoni da Hausa

A Malam Madori, zancen mai ba ya wuce farashin lita. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, manomin ranin da ke jan ruwa da inji a fadamar Hadeja ya haddace lissafinsa. Abin da bai cika sani ba shi ne halin da mutanen da ake haƙo man a ƙasarsu suka shiga.

An rubuta littattafai a kan haka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tayar da ƙura shi ne Where Vultures Feast, wanda Ike Okonta da Oronto Douglas suka wallafa a 2001. Sun zargi kamfanin Shell da gwamnatocin soja da lalata muhalli da danne al'ummomin Neja Delta. Shell ya daɗe yana cewa yawancin malalar man aikin ɓarayi ne da masu fasa bututu.

A ganina, ya kamata masu rubutu a Wikipedia ta Hausa su haɗu su yi wa irin wannan littafi cikakken shafi. Kuma kada mutum ɗaya ya yi aikin.

Dalilina shi ne Janar Sani Abacha. A zamaninsa aka rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da wasu mutum takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995, bayan wata kotu ta musamman ta same su da laifin kisan wasu shugabannin Ogoni huɗu a 1994. Ƙasashe da dama sun yi tir da shari'ar, har aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar Commonwealth. A Arewa kuwa, har gobe akwai masu ganin ƙimar Abacha. Idan masoyinsa kaɗai ya rubuta shafin, zai sassauta. Idan maƙiyinsa ne, zai ƙara gishiri.

Ƙa'idar Wikipedia ta yi maganin wannan: ba a rubuta ra'ayin kai, kowace magana sai da madogara, saɓani kuma a kai shi shafin tattaunawa inda kowa ke gani. Editan da ke Hadeja da na Kano da na Maraɗi za su yi ta ja-in-ja a kan jimla ɗaya har ta tsaya daidai.

Ga misali. A 2009 Shell ya biya dala miliyan 15.5 don sasanta ƙarar da iyalan Saro-Wiwa da wasu suka shigar a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba. Wanda ya rubuta biyan kuɗin ya bar ƙarshen jimlar, ya yaudari mai karatu. Haka ma wanda ya kawo uzurin kamfanin ya ɓoye rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011, wanda ya ce tsaftace ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Wani zai ce ina ruwan Bahadeje da Ogoni? Mu ma mun san zafin a yanke hukunci a kan ruwanka daga nesa. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar kogin Hadeja, kachala ta toshe magudanai, masunta da manoma ne suka ɗanɗana. Sannan a Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Idan aikin ya kankama, tambayoyin diyya da gurɓatar ruwa za su zo gida, kuma da Hausa za a yi su.

Gemun ɗan'uwanmu ya daɗe da kamawa da wuta. Matasanmu masu waya a hannu, ku buɗe shafin, ku gayyato wanda kuka san ba zai yarda da ku ba.