Kafin Ka Ɗauki Jaka, Ɗauki Biro

Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wannan karin magana ya dace da halin da matasan ƙasarmu suke ciki a yau, domin kusan duk inda ɗalibai suka taru, za ka ji maganar fita waje, abin da Yarbawa ke kira "japa". Ba laifi ba ne mutum ya fita neman ilimi ko arziki. Abin da nake ganin laifi ne shi ne mutum ya yi lissafin kuɗin jirgi da na biza kawai, ya manta da lissafin abin da zai ci da inda zai kwana bayan ya sauka.

Bari mu ɗauki Birtaniya a matsayin misali, tunda nan ce 'yan Nijeriya da yawa suke nufa don yin digiri na biyu. Kafin a ba ɗalibi biza, dole ya nuna yana da kuɗin ciyar da kansa na watanni tara, ban da kuɗin makaranta. A watan Janairu 2025 an ɗaga wannan kuɗi zuwa fam 1,483 a wata ga mai zama a Landan, da fam 1,136 ga mai zama a wajenta, kuma an sake ƙara shi a watan Nuwamba na shekarar. Dole ne kuɗin su kwana 28 a jere a asusun banki. Ga kuma kuɗin kula da lafiya, wanda aka mayar fam 776 a shekara ga ɗalibi a watan Fabrairu 2024.

A nan ne wasu suke yaudarar kansu. Sai mutum ya ranto kuɗi ya zuba a asusunsa, da zarar biza ta fito ya mayar wa mai shi. Yana ganin ya yi wayo, alhali kuwa wannan adadi gargaɗi ne a kan abin da rayuwa take ci a can. Wanda ya sauka da aljihu wayam, mai gidan haya ba zai karɓi biza a madadin kuɗi ba.

Za a ce ai mutum zai yi aiki idan ya je. Gaskiya ne, amma doka ta taƙaita wa ɗalibin digiri awa 20 a mako a lokacin karatu. A shekarar 2025 mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama shi ne fam 12.21 a awa. Idan ka lissafa, abin da zai samu a wata bai kai fam 1,100 ba. Ke nan ko da ya sami aiki tun ranar da ya sauka, bai cika adadin da gwamnatin kanta ta ƙiyasta ba.

Abu na biyu shi ne tsarin zama ya bambanta da namu. A nan mun saba biyan haya shekara-shekara, mu huta. A can duk wata ake biya, kuma kafin ka shiga gida a Ingila ana iya karɓar kuɗin ajiya har na haya ta mako biyar. Ga kuɗin wuta da gas na ɗumama ɗaki lokacin hunturu, ga na mota da na waya, ga rigunan sanyi. Mai iyali kuma ya sani babu kaka ko maƙwabciya da za a bar wa yara kyauta. Sannan 'yan uwa a gida suna jiran aike, domin a ganinsu duk wanda ya tsallake teku ya haye.

Abu na uku shi ne darajar naira. A watan Mayu 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a Fabrairu 2024 ta wuce naira 1,500. A 2024 ne aka umarci wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci. Darasin shi ne, a yi kasafi da kuɗin ƙasar da za a je, ba da naira ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwana ɗalibi, zauna ka rubuta komai ɗaya bayan ɗaya. Tambayi wanda yake zaune a garin da za ka nawa yake kashewa, ba nawa yake samu ba. Ka tanadi abin da zai riƙe ka aƙalla wata uku ba tare da aiki ba, ka kuma gaya wa mutanen gida gaskiya tun kafin ka tafi. Idan lissafi bai fita ba, ka jira wata shekara, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya sa mu dace.