Zancen Iyaye: Dajin Nan Na Wane Ne?



Ran wata Lahadi ina koya wa yara labarin halitta, sai na tambaye su, "Dajin Rugu na wane ne?" Cikinsu akwai waɗanda iyayensu suka gudo birni daga ƙauyukan ƙasar Batsari. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na ɓarayi ne." Sauran yara ba su yi dariya ba, gama su ma haka suka ɗauka. Maganan nan ta tsaya mini a rai har yau.

Ba laifin yaron ba ne. Ran 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora su da ƙafa cikin daji. Sai bayan kwana shida aka sako su. Yaron da ya tashi yana jin irin wannan, ƙaƙa zai ƙaunaci daji?

Amma amsarsa ba daidai ba ce. Rugu gandun daji ne na hukuma, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa. Ya ratsa ƙasar Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa, har ya haɗe da dazukan Zamfara. Abin da ke na hukuma kuwa na jama'a ne, watau na yaron nan ne da 'ya'yan da zai haifa. Bisa ga wannan duka, na Allah ne. In kun buɗe Farawa sura 2 za ku ga aikin fari da aka ba Adamu shi ne kiwon gona da tsaronta, shi ne kuma ya raɗa wa dabbobi suna. Mutum ba ya tsaron abin da bai san sunansa ba.

Kakanninmu sun san itatuwa kamar yadda suka san danginsu. Sun san gawo yakan zubar da ganye da damina, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Sun san bagaruwa ta majema ce, ɓawon kalgo na igiya, ɗorawa ta daddawa, kaɗanya ta man kaɗe. Yau ɗan ƙauye yana iya haddace sunan Kogin Nilu a aji, amma a nuna masa marke da kanya bai iya rabewa ba. Wannan ilimi ba ya shiga a kan allo. Sai an fita waje, an taɓa, an sansana.

Fita da yara waje ba sabon abu ba ne cikin ekklesiya. William Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a Glasgow ta ƙasar Sikotlan cikin 1883, bayan shekara uku kuwa ya fara kai samarinsa zango a bakin teku. Muna da wannan ƙungiya, da ta 'yan mata, a majami'unmu. Maci da busa suna da kyau, amma kada aikinsu ya tsaya nan.

Ga misali kuma daga maƙwabtanmu. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. A can ne wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. Cikin 1983 ya lura cewa 'yan tsirrai da ake sassabewa a gona ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturan itatuwa masu rai a ƙasa. In manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran, sai itace ya tashi da sauri, gama saiwarsa ta riga ta yi zurfi. Manoma suka karɓa, har aka lissafta itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a ƙasar Nijar. Ba injin aka kawo ba. Ido ne da wuƙa da haƙuri, abin da yaro ɗan shekara goma zai iya koya da yamma ɗaya.

To, me za mu yi? Da fari, kada kowa ya ce na ce a kwashi yara zuwa Rugu. Ran yaro amana ce. Duk inda za a je, sai an shawarci dagaci da jami'an tsaro, iyaye kuma sun yarda, a tafi da rana a komo da rana. In akwai shakka, a fasa.

Na biyu, a fara da kusa. Filin makaranta, makiyayar gari, bakin fadama, duk na jama'a ne. A gayyaci wani dattijo ko tsohuwa su bi yaran, kowane yaro ya komo da sunan itace goma da amfaninsu a littafinsa.

Na uku, malamai da shugabannin Brigade su je ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarsu, su roƙi malamin daji ya nuna wa yara wurin renon itatuwa da iyakar gandu, ya faɗa musu abin da doka ta hana da dalilinta. Jiharmu tana cikin jihohi 11 na arewa da ke cikin shirin kafa katangar itatuwa don tare hamada, wanda ƙasashen Afirka suka amince da shi a 2007. Wa zai yi renon itatuwan nan in ba yaranmu ba?

Na huɗu, Zumuntar Mata ta ɗauki nauyin guzuri da ruwan sha. A gayyaci 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi da na Fulani makiyaya, gama inuwa ba ta tambayar addini, ɗan Fulani kuwa yakan fi malamin aji sanin ciyawa.

Yaron da na faɗa muku, na ba shi 'ya'yan aduwa uku ya shuka a bayan majami'a. Biyu sun tsiro, kowace Lahadi sai ya ja ni in gani. Mu yi addu'a Allah ya kawo mana salama, har yaran nan su shiga Rugu ba tsoro, su san nasu ne.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.