Takin da Muke Binnewa a Juji

Ina yaro a Kano, da rani ya kama, jakuna kan shigo birni da sassafe ɗauke da itace da kara, su fita da mangaloli cike da shara. Toka ce, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da ragowar tuwo. Manoma kuɗi suke sawa su saya, su jibge a gona tsibi-tsibi, su baza kafin ruwan shuka. Da wannan takin ne gonakin da ke kewaye da birnin suka daɗe ana nomansu kowace damina ba hutu.

Leda ce ta ɓata wannan ciniki, amma mu muka cusa ta a ciki. Yau manomi ya sauke mota guda ta shara, sai ya wuni a duƙe yana tsince leda, da mataccen batir, da fasasshiyar kwalba. Na ga akuyar maƙwabcinmu ta rame har aka yanka ta, aka tarar da tumbinta cunkushe da leda. Wa zai ga laifin manomin da ya ce ya fasa?

To abin da ya ƙi saye, ina yake zuwa? Juji. Ku leƙa kasuwar 'Yan Kaba ko ta 'Yan Lemo da yamma, ku ga ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon lemo da ganyen kabeji. Idan irin wannan kaya ya ruɓe a ƙarƙashin tsibi, inda iska ba ta ratsawa, yakan fitar da iskar metan, wadda cikin shekara 20 ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon kusan sau 80. Kayan nan dai, idan aka tara shi daban, ana yayyafa ruwa, ana juyawa iska na shiga, taki yake zama baƙi wuluk mai ƙamshin ƙasa, metan ɗin kuwa kaɗan ne. A taron sauyin yanayi na Gilasgo na 2021 ƙasashe suka yi alƙawarin rage metan da kashi 30 cikin 100 kafin 2030, Najeriya na cikinsu. Wani yanki na cika alƙawarin yana bakin murhunmu.

Abin da ke ci mini rai shi ne almubazzarancin. Manomi na kukan tsadar buhun takin zamani, mu kuma muna binne abincin gonarsa, muna shaƙar hayaƙinsa idan jujin ya kama da wuta. Muna cewa tsafta cikon addini, amma tsaftarmu ta tsaya a ƙofar gida.

Hukuma na da nata aikin: ta ware fili kusa da kasuwanni, ta ɗauki matasa su riƙa haɗa taki. Amma rabuwar shara a gida take farawa. Bokiti biyu na ajiye a tsakar gidanmu, ɗaya na ɓawo da toka, ɗaya na leda. Wani mai lambu yanzu duk Asabar yake zuwa da baro ya kwashe na ɓawo da toka, kuma makon jiya ya kawo wa uwargida damin alayyahu.