Daga hankakin Paris zuwa gobarar Damagaram

Duk lokacin da aka tayar da maganar zane-zanen jaridar Charlie Hebdo, amsar mahukuntan Faransa ɗaya ce: yi wa addini ba'a tsohuwar al'adarsu ce. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ba kasafai suke faɗin wanda aka fara yi wa ba'ar ba, da dalilin yin ta.

Cocin Katolika aka fara yi wa. Tun yarjejeniyar 1801 tsakanin Napoleon da Fafaroma, gwamnati ke biyan limaman coci albashi, makarantu masu yawa kuma suna hannunsu. Da aka kafa dokar ƴancin ƴan jarida ta 29 ga Yulin 1881, sai masu zane suka samu sarari. Mujallu irin su L'Assiette au Beurre, wadda ta fara fitowa a 1901, da La Calotte, da Les Corbeaux, suka dinga zana limamin coci da ƙaton tumbi, hannunsa cikin aljihun talaka, wani lokaci da kan alade. Amma siffar da ta fi kama shi ita ce ta hankaka, saboda baƙar rigarsa. Ma'anar sunan Les Corbeaux ke nan: hankaki. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayani, shi da ke cewa hankaka mai da ɗan wani naka. Zargin ke nan kuwa, cewa limaman na karɓe ƴaƴan jama'a a aji, su mayar da su maƙiyan jamhuriya.

Faɗan na mulki ne, da cibiya mai kuɗi da filaye da ƙuri'u. Gwamnatin Émile Combes ta rufe dubban makarantun ƙungiyoyin coci, sannan dokar 9 ga Disamban 1905 ta raba coci da gwamnati.

Akwai ɓangaren da ba a cika tunawa ba. A ƙarƙashin wannan doka ta 1881, jaridar La Libre Parole ta Édouard Drumont ta yi ta buga zanen ƙasƙanta Yahudawa a zamanin shari'ar Dreyfus. Alƙalami iri ɗaya ne, amma nan tsiraru marasa kariya ya soka.

A nan hujjar Paris take rauni. Musulmin Faransa, waɗanda akasarinsu ke da tushe a ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, ba su riƙe da makarantun ƙasa ko baitulmali kamar cocin 1900. Wanda ya zana abin da suka fi girmamawa ya ce yana bin sawun masu zanen hankaki, ya gaji salon ne kawai.

Amma abin da ya faru a Nijar ma ba ya karɓar uzuri. Bayan jaridar ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) a Janairun 2015, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram ranar 16 ga wata, washegari a Yamai. Mutane goma suka mutu, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa ta Damagaram da majami'u da dama. Kiristocin da aka ƙona wa wuraren ibada maƙwabta ne, ba su zana komai ba, kuma cocin da wasunsu ke bi shi ne wanda wannan alƙalami ya fi daɗewa yana yi wa izgili, har da Charlie Hebdo kanta, wadda ta sha zana Fafaroma a bangonta.