Kimiyya a Ƙofar Gida: Iskar da ke Hana Injin Ban Ruwa Aiki



Kwanan baya mun yi wani ɗan gwaji a aji. Muka cika kwalba da ruwa, muka bar 'yar iska kaɗan, muka toshe bakin. Sa'an nan muka kwantar da ita bisa tebur, muka juya ta kamar katantanwa. Yara duk sun ce kumfar za ta gudu bakin kwalbar ko gindinta. Sai ga ta cak a tsakiya!

Dalili kuwa shi ne, ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800. Juyi yakan jefa mai nauyi gefe, shi kuma ya matso marar nauyi tsakiya. Shi ya sa kumfar shayi ke taruwa a tsakiyar kofi in an gauraya.

To, 'yan'uwanmu masu noman rani, a nan maganar ta shafe ku. Cikin injin ban ruwa akwai farfela, kuma ta tsakiyarta ruwa ke shiga. In tiyo ya huje, ko mahaɗa ta yi sako-sako, iska za ta taru daidai nan ta tare hanya. Inji na ruri, fetur na ƙonewa, albasa na yaushi. Har mun ji wani na cewa hannu aka sa masa!

Kada a ƙara wuta, robar da ke tare ruwa za ta ƙone. A kashe injin, a ɗaure mahaɗa tamau, a nutsar da bakin tiyo sosai, a cika cikin injin da ruwa, kana a tayar.