Wa Ke Sauraron Yaron Shago?

Ranar Asabar da ta wuce na dawo daga Ƙofar Wambai raina a ɓace, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai gama hucewa ba. Takalmi na mayar, ƙirar gida, wanda na saya wa autana. Mako biyu ya yi a ƙafarsa, ruwan sama ya dake shi sau ɗaya a hanyar Islamiyya, tafin ya ɓanɓare ya bar fatar tana reto. Shagon ba baƙona ba ne, na fi shekara goma ina sayen takalman iyalina a wurin. Na yi sallama, yaron da ke ciki ya amsa idonsa na kan waya. Na ajiye takalmin a gabansa na ce, "Samari, dubi abin da ya faru." Ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya juya, ya ce, "Ai Baba haka suke zuwa." Ya mayar da kansa kan waya.

Ban yi masa faɗa ba. Na tambaye shi ina yaron da na saba samu, wani dogo mai fara'a da ya san lambar ƙafar kowane ɗa nawa. Ya ce ya bar aiki.

Allah da ikonsa, da yammacin ranar na tare Adaidaita Sahu a kusa da Ƙofar Mata, sai ga shi shi ne a kan sitiyari. Ya gane ni kafin in gane shi. Muna tafe na ba shi labari, ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, wallahi wannan maganar gam ɗin na fi shekara biyu ina faɗa wa maigida. Duk damina sai mutane sun dawo da kaya. Na ce a gaya wa masu yi su ƙara ɗinki a kan gam ɗin, ko da za a ɗora wani abu a kan kuɗin, mutane za su biya. Na ce masu sayen na yara suna neman mai maɗauri a baya, saboda makaranta. Ya ce da ni, shi aka ɗora a kan shagon ko ni?" Shekara bakwai ya yi yana buɗe shagon nan da safe, yana rufewa bayan Magariba. Kuɗin abinci ake ba shi kullum, sai ɗinkin Sallah. Da ya tashi neman aure ya yi maganar sallama, aka ce masa kasuwa ba daɗi, ya ƙara haƙuri. Ya ƙara na shekara guda, ya ajiye makulli.

Da na sauka ya ƙi karɓar kuɗin mota, sai da na rantse masa.

Wannan yaro shi ne kunnen shagon, kuma maigidansa ya toshe shi da hannunsa. Mai shago yana zuwa sari, yana ƙirga kuɗi, yana zaman majalisa da abokan kasuwa. Amma wanda ke tsaye da mai saye, wanda ke ganin lokacin da mace ta ɗauki takalmi ta lanƙwasa shi ta ajiye ba ta taya ba, wanda ke jin "babu mai ruwan ƙasa?" sau biyar a wuni, yaron shago ne. Manyan kamfanoni kuɗi suke kashewa su tura mutane gida-gida su tambayo abin da jama'a ke so. Ƙaramin ɗan kasuwa yana da wannan labari kyauta a bakin yaronsa, amma girman kai ya hana shi tambaya. In kaya suka yi kwantai sai ya ce sammu aka yi masa, ko ya ce kayan Sin ne suka kashe kasuwa.

Na san kayan Sin sun yi mana illa, na san wuta babu, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi. Amma ba Sin ce ta hana baduku ƙara ɗinki a kan gam ba.

Ba na gajiya da maganar fata. A 1851 wani Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa Tambutu da Gat har Tarabulus, ya kuma ambaci takalman Kano cikin kayan da fatake ke ƙetare Sahara da su. Fatar jar akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can take bi ta isa hannunsu. Kakanninmu ba su kai ga haka da zaman jiran mai saye ba. Bafatake ya dawo daga tafiya ya ce wa marini Buzaye sun fi son baƙi mai ƙyalli, marini ya ƙara baba, mabugi ya ƙara bugu. Mai sayarwa yana kawo labari, mai yi yana gyara hannu. Yau ana jeme fatarmu a Sharaɗa da Challawa a tura Italiya, mu kuma jikokin dukawa muna sayar da takalmin da ba ya jure ruwa ɗaya, muna cewa haka suke zuwa.

Kuma ba sai an je tarihi ba. Ku dubi fura. Shekaru nawa tana cikin ƙwarya da ludayi, sai wasu suka lura ma'aikaci da ɗalibi suna son ta amma suna ƙyamar ƙuda, suna kuma sauri. Aka dama ta da inji, aka haɗa da yogot, aka zuba a roba mai murfi aka sa a firji. Yanzu akwai masu shagunan da fura kaɗai ta gina musu gida. Kunun aya da zoɓo ma sun shiga gora. Madarar Cowbell ta shiga kowane lungu a shekarun 1990 ne saboda an ƙulla ta a ƙaramar leda daidai aljihun talaka, wanda ba zai iya sayen gwangwani ba. Maggi ya ture daddawa daga tukwane da yawa don an dunƙule shi, an naɗe, ba ya ɓata hannu. Daddawarmu ta fi shi amfani a jiki, amma ƙalilan ne suka zauna suka yi tunanin yadda za a daka ta a zuba a kwalba yadda amarya a Abuja za ta ɗauka ba tare da ta toshe hanci ba. Duk wanda ya yi irin wannan gyara, wani ne ya gaya masa abin da mai saye ke cewa.

To wa zai gaya maka, in wanda ke tsaye a shagonka yunwa yake ji? A nan ne raina ya fi ɓaci. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan duk shagunan Kwari da Sabon Gari da Singa da Wambai. Abin da ke kare yaron shago a da al'ada ce: ubangida ya riƙe ka, ya yi maka aure, in ka cika shekarunka ya yanka maka jari ya kama maka rumfa. Attajirai da yawa da muke gani a Kano ta wannan hanya suka tashi, kuma da bakinsu suke faɗa. 'Yan ƙabilar Ibo sun riƙe tasu, ana ƙayyade shekaru tun farko a gaban iyaye, in lokaci ya yi a sallami yaro, shi ya sa yaron Ibo ke bin ka har bakin titi yana roƙon ka dawo ka duba, don ya san rabonsa yake nema. Mu da yawanmu mun yar da tamu al'adar, ba mu kuma ɗauki ta albashi ba. Alhaji ya je Umara sau biyu a shekara, yaron da ke tsare masa dukiya ba shi da ranar sallama, ba shi da kamasho ko na sisi a kan abin da ya sayar. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi da carbi a hannu. Sannan a dawo ana cewa yaran yanzu ba su da amana. Akwai masu ɗauke-ɗauke, ban musa ba, amma littafin shiga da fita yana maganin wannan.

Yaron da ya ce min haka suke zuwa, ba na ganin laifinsa sosai. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ko yadda ake cewa "albarka" ba tare da an kori mutum ba, ko abin da ake yi in an dawo da kaya. An ba shi makulli da farashi kawai. Ya sayar ko bai sayar ba, kuɗin abincinsa ɗaya ne, ya kuma ga yadda aka yi da wanda ya gabace shi.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin kasuwanninmu, waɗanda suke da ƙarfin sasanta rikicin miliyoyi a zama ɗaya, su sa maganar yaran shago a gaba: a rubuta shekarun hidima da abin da za a sallami yaro da shi, a gaban shaidu, kamar yadda addini ya ce a rubuta bashi. Mai shago kuma ya ware wa yaronsa wani abu a kan kowane ciniki, ya zauna da shi ko sau ɗaya a mako ya tambaye shi me mutane suka nema ba su samu ba, me aka dawo da shi, sannan ya kai maganar ga masu yi.

Takalmin autana na kai wa wani mai gyara a bakin masallacin unguwarmu. Ya sa basilla da zare ya zagaye tafin da ɗinki, bai yi minti ashirin ba, yaron ya sa ya tafi makaranta. Ɗinkin da tsohon yaron shagon ya shekara biyu yana roƙo a yi ke nan. Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma Wambai da takalmin a leda, in jira maigidan da kansa, in nuna masa.